Goma ga Safar

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan la'asar. Gida, unguwar Safa.

Gobe sai Italiya. Na rubuta, na sake karantawa. Ni Abdulbaƙi ɗan Yelwa ta Yawuri, da na sauka Jidda da jakar leda da sukundireba biyu, ni zan kai matata yawon buɗe ido Turai. Shekara ashirin da huɗu ina hawa bango ina ɗaura mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a zafin garin nan. Yau warsha guda, wurin gyara a unguwar Mahjar, tana hannuna, mutum goma sha huɗu suna ce mini mu'allim. Ba wanda ya ɗaga ni sai Allah.

Mastura ce ta zaɓi garin. A gidansu na unguwar Nuzla akwai wani tsohon farantin tangaran a bango mai hoton baƙin kwalekwale tsakanin gidaje, marigayi babanta ya samo shi a tashar jirgin ruwa inda ya yi dako. Tun tana yarinya take kallonsa. Venis ne, amma ita Bunduƙiyya take cewa, irin na Larabawa. A nan aka haife ta. Fasfonta kore ne irin nawa, amma ba ta taɓa taka Nijeriya ba, ba ta taɓa wuce Madina ba.

Yayanta Othman ya zo sallama. Mu'aƙƙib ne, sana'arsa ke nan, bin takardun mutane ofis-ofis. Ya ce, "Ya nasib, surukina, bizar fita da dawowa ta Mastura, kawo in duba." Na ce tawa kamfani ya yi, tata kuwa ni na yi da hannuna a waya, ta fito, na buga ta. Ya ce, "Minti ɗaya, wallah." Na ce, "Othman, wanda ke karanta taswirar babban inji da Turanci, takarda ɗaya ba ta gagare shi." Ya ɗaga hannu biyu, "Halas, halas, shi ke nan." Tun ranar da na nemi auren ƙanwarsa yake mini kallon baƙon da bai san gari ba.

Talata, 8 ga Oktoba, hantsi. Venis.

Gari guda babu mota ko ɗaya! Bas ɗinsu jirgin ruwa ne, motar asibiti jirgin ruwa, mai kwasar shara ma a ruwa yake. Gada shida na kinkimi akwati kafin mu kai masauki, kowace da matakala. Mastura tana gaba tana ta "Ya salam, Abu Nuha, duba tagar can, kamar ta Balad, tsohon garinmu!" Abu Nuha take kirana, da sunan 'yarmu.

Ban gaya mata ba, ba na son ruwan nan. Kore ne, ba ka ganin ƙasansa, kuma yana lasar ƙofar gidajen mutane. Wanda ya tashi a bakin kogin Yelwa ya san ruwa ba abokin wasa ba ne.

Laraba, 9 ga Oktoba, bayan magariba.

Mun hau kwalekwalen faranti. Gondola. Matuƙin yana tsaye a baya da filafili guda, riga mai zane-zane, yana sunkuyar da kai a ƙarƙashin kowace gada ba tare da ya duba ba. Na riƙe gefen jirgin har yatsuna suka yi sanyi. Mastura ta ce, "Mu'allim guda yana tsoron kwata?" Na ce ina duba ingancin katakon ne. Ta yi dariya har matuƙin ya tambayi abin da ya faru.

Muka shiga wani lungu na ruwa mai shiru. Ta sa yatsa a ruwan. Ta ce da babanta na nan. Shekara ashirin da biyu da aure, ban taɓa ganin fuskarta haka ba. Ni na kawo ta. Da gumina.

Alhamis, 10 ga Oktoba, la'asar.

Tsibirin masu hura gilashi. Wani dattijo ya zaro dunƙulen wuta, ya hura, ya ja da awartaki, sai ga tsuntsu. Na yaba masa, mai sana'a ya san mai sana'a. Ta saya wa Umma, mahaifiyarta, tsuntsu shuɗi, ta naɗe shi cikin safa biyu. Mun ɓata sau uku a hanyar komawa. Alƙibla a ɗakinmu tana fuskantar bangon maƙwabci inda suka shanya kamfai.

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan magariba.

Muna babban filin nan mai tantabaru, gaban cocin da aka shafe wa goshi da zinari, sai ta ce mu tsaya ta sayi burodi da madara saboda sahur. Na ce wane azumi kuma a kan tafiya? Ta ce na tsakiyar wata, ba ta taɓa bari ba, ba za ta fara a ƙasar Turawa ba. "Gobe sha uku ga Safar."

Na ce nawa?

Ta ce, "Sha uku. Esh fik, me ya same ka?"

Na ce ba komai.

Na shiga banɗakin masauki na kulle, na fito da takardar. Dawowa kafin goma ga Safar. Ni na zaɓi ranar. Sha tara ga Oktoba nake nufi, don in bar mana sarari, sai wayar ta nemi watan Musulunci. Na ɗaga kai na dubi kalandar da ke bangon ofishina, mai kwanan wata biyu, na ga sha tara ga Oktoba, a ƙarƙashinta goma ga Safar. Na danna.

Kalandar bara ce. Ban cire ta ba saboda lambobin masu kawo mana gas da na rubuta a gefenta. Kowane yaro a Nuzla ya san watan sama yana ja da baya kwana goma duk shekara.

Goma ga Safar shekaranjiya ce. Muna cikin kwalekwale.

Asabar, 12 ga Oktoba, asuba.

Ta ci sahur, ta miƙo mini burodi. Na ajiye shi ban ci ba.

Asabar, azahar.

Wata fada muka shiga, ɗakuna kamar masallaci, hotuna har a rufi. Daga nan aka bi da mu ta wata gada rufaffiya zuwa tsohon kurkuku. Mai yi mana bayani ta ce ta ramukan dutsen nan fursuna ke yi wa garinsa kallon ƙarshe. Mastura ta leƙa ta ce, "Miskin." Na ce mu fita, wurin ba iska.

Na gwada gyarawa a waya sau tara. Ja take nuno mini. Wataƙila ba sa duba wannan sosai a filin jirgi. Wataƙila kwana biyar ba wani abu ba ne. Ba komai.

Lahadi, 13 ga Oktoba, hantsi.

Da sanyin safiya jiniya ta kama kuka a duk garin. Na zabura na ɗauko fasfo. Mai masauki ta ce kada mu damu, ruwa ne zai hau. Haka kawai, kamar ta ce za a kawo shayi. Ba daga sama yake zuwa ba, ta ƙarƙashin duwatsun daɓen yake ɓulɓulowa, shiru. Kafin mu kai filin tantabaru ya zama tafki, an jera benci-benci mutane suna bi a kai ɗaya bayan ɗaya.

Na cire kwat don kada ya jiƙe na ba ta ta riƙe. Muna tsakiyar katakon na ji ta tsaya. Na juyo. Takardar da na bari a aljihun kwat tana hannunta. Ita ba ta buƙatar kalanda, kallo ɗaya ta yi.

Ta ce, "Tun yaushe ka sani?"

Na ce Juma'a.

"Juma'a. Ka bar ni ina ɗaukar hoton tantabaru."

Na ce zan gyara. Ta ce, "Da me? Da sukundireba?" Mutane na bayanmu suna jira, wani yana ta magana da hannu. Ta ninke takardar ta sa a jakarta. Ta ce, "Ummi tana da shekara tamanin da ɗaya, ya Abdulbaƙi."

Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ko sau ɗaya.

Litinin, 14 ga Oktoba, la'asar. Filin jirgi.

Suna dubawa. Sun hana ta hawa jirgin Jidda.

Talata, 15 ga Oktoba, safe. Filin jirgi har yanzu.

Izinin zamanmu a Italiya gobe yake ƙarewa. Ƙasa ɗaya ce a duniya za ta karɓe ta ba tambaya, ƙasar da ba ta sani ba. Na kira yayata Zakiyya a Yelwa, mijinta zai tare ta a Abuja. Ni dole in koma, don an ce sai maigida yana cikin ƙasa ake taɓa takardar iyalinsa.

Ta ce in kira Othman. Na ce bari in isa tukuna, kwana biyu ya ishe ni. Na ce ta ba ni tsuntsun in kai wa Umma. Ta ce, "La. Ni na saya, ni zan miƙa mata."

Ƙofarta lamba sha ɗaya, tawa ashirin da shida. Ba ta waiwayo ba. Abayarta har yanzu da shatin ruwan shekaranjiya a ƙasa.

Alhamis, 17 ga Oktoba, azahar. Warsha.

Kalandar tana nan a bango. Sha tara ga Oktoba, goma ga Safar, da lambar mai gas a gefe. Ma'aikata suna ta "Hamdillah ala salama, mu'allim, ina tsaraba?" Na rufe ofis.

Na tambayi mutum uku, kowa na ce masa matar wani abokina ce. Ɗaya ya ce mako guda. Ɗaya ya ce sai an soke komai a fara daga farko. Na ukun ya ce ya san wanda aka hana shigowa shekara uku. Shekara uku.

Juma'a, 18 ga Oktoba, bayan la'asar.

Na je Nuzla gaishe da Umma. Idonta ya yi rauni amma kunnenta ras. Ta ce ina Mastura? Na ce ta wuce Nijeriya gaishe da dangina, da ma mun daɗe muna shirin haka. Ta ce, "To." Ta ce in zauna, ta sa aka kawo shayi. Farantin yana saman kanta. Na zauna inda ba zan gan shi ba.

Othman ba ya gida. Alhamdu lillahi.

Lahadi, 20 ga Oktoba, la'asar.

Na ja lamba tun safe a ofishin biza. Da aka zo kaina, aka ce ba wannan tagar ba. Waccan ta ce akwai wasiƙar da ban kawo ba. Larabcina na gyaran mukayyif ne. Na san sunan kowace ƙusa, amma da mutumin ya yi bayani da sauri rabi na kama, kuma ban ce ya maimaita ba.

Talata, 22 ga Oktoba, azahar.

Na kai wasiƙar. Ba irinta ba ce.

Laraba, 23 ga Oktoba, bayan magariba.

Mastura ba ta ɗaga wayata. Zakiyya ce ke ba ni labari. Sauro ya same ta, zazzaɓi kwana biyu, an yi mata allura, ta fara cin tuwo. Yaran gida suna bin ta suna cewa ta sake faɗin "halas", su fashe da dariya. Zakiyya ta ce, "Matarka mutuniyar kirki ce, kai ne dai tun kana ƙarami sai ka ɓata a daji da ka tambayi hanya." Na ce Yaya, ba lokacin wannan ba ne. Ta ce, "Yaushe ne lokacinsa?"

'Yarmu Nuha ta kira daga Makka. Da Larabci ta yi mini faɗa. Da ta zo wurin kuka ne ta koma Hausa, "Baba, ka dawo mini da Mama."

Gidan nan mukayyif huɗu ne, duk ni na ɗaura. Na kashe su. Ƙararsu ta yi yawa.

Alhamis, 24 ga Oktoba, safe.

Idan shekara uku ne, Umma za ta kai? Na rubuta. Ba zan sake rubutawa ba.

Juma'a, 25 ga Oktoba, la'asar.

Hoto ya shigo daga wayarta, ba rubutu. Tana zaune cikin kwalekwale a kogin Yelwa, mutum ya fi ashirin da buhuna da awaki, bakin jirgin saura taƙi ɗaya ya sha ruwa. Na san irin jiragen nan. Na san ranar kasuwa. Na kira sau bakwai. A na takwas ta ɗauka.

Na ce ki sauka daga abin nan!

Ta ce, "Na sauka tun ɗazu. Garinku ma Bunduƙiyya ce, ba ka taɓa faɗa mini ba." Ta ce kullum Umma tana kiranta, kullum tana yi mata ƙaryar da na fara. Ta ce, "Mutanenka sun riƙe ni da kyau, wallah. Amma in na mutu a nan, ba wanda ya san sunan babana." Sai ta kashe.

Asabar, 26 ga Oktoba, bayan azahar.

Umma ta aiko in zo. Na same ta a kan darduma, an cire farantin daga bango yana kan cinyarta.

Ta ce, "Ɗana, 'yata ba ta iya ƙarya ba, kai ma ba ka iya ba. Takarda ce ko?"

Na ce takarda ce.

Ta ce iyayenta shekara shida suka yi a hanya daga ƙasar Hausa zuwa nan, da ƙafa. Su yi noma a wani gari, su yi wanki a wani. Ta ce, "Ka san da me suka iso? Ba su da taswira. Duk mararrabar da suka zo sai Baba ya cire hula ya ce, bayin Allah, ina hanya?" Ta shafa farantin. "Othman ya sani tun ranar da ka sauka kai kaɗai. Ya haɗa rabin takardun, suna cikin motarsa. Saura sa hannunka. Na ce ya kai maka, ya ce shi ba ya shiga gidan da aka ce ba a buƙatarsa. Ku biyu kuna auna rawani, ni kuma ina ƙirga kwana."

Na ce, Umma, ki yafe ni. Ta ce, "Ba ni ce mararrabar ba."

Lahadi, 27 ga Oktoba, hantsi.

Na biya warsha na ciro kalandar, na naɗe. Na same shi a shagon ful, dafaffen waken karin safe, na bakin layinsu, da abokansa uku, suna karyawa. Na so in ja shi gefe. Ya ce, "Faɗi a nan, ya nasib, duk 'yan gida ne."

Na shimfiɗa ta a kan teburin, tsakanin kwanon ful da burodi. Na sa yatsa a wurin. Ya duba, ya duba shekarar da ke sama. Ya cire tabarau.

"Ta bara?"

Na ce ta bara.

Ɗaya daga cikinsu ya ƙware da shayi. Othman ya ce, "Mai karanta taswira da Turanci!" Na tsaya. Na ce, "Othman, ban iya ba. Ka nuna mini hanya." Ban san muryata za ta yi haka ba.

Dariyar ta tsaya. Ya ture kwanon gabana ya ce, "Zauna ka ci, layin yana da tsawo. Kuma in mun shiga, kai kurma ne. Ni ke magana."

Mun shiga. Na zama kurma. Wuri uku, hatimi biyu, sa hannu biyar. A mota na ce zai yiwu? Ya ce, "In sha Allah." Na ce in sha Allah ta gaske ko ta ofis? Ya tayar da mota.

Laraba, 30 ga Oktoba, la'asar.

Shiru.

Asabar, 2 ga Nuwamba, safe.

Umma ta kwana da tari. Na kai ta asibiti ni da Othman, aka ba ta magani muka dawo. A hanya ta ce a mayar da farantin bango, kada Mastura ta zo ta ga wurin fayau.

Lahadi, 3 ga Nuwamba, azahar.

Ana dubawa. Kullum ana dubawa. Na ɗaura wa wani bututu a juye yau, abin da ban yi ba tun ina koyo.

Litinin, 4 ga Nuwamba, bayan la'asar.

Othman ya kira. "Buɗe wayarka." Ta zama kore. Na ce karanta mini ranar. Ya karanta. Na ce sake. Ya ce, "Amma kada ka yi murna tukuna, sai ta wuce mai hatimi da ƙafarta." Shi ya zaɓi jirgin. Na bar masa.

Alhamis, 10 ga Rabi'ul Awwal, bayan magariba. Gida.

Jirgin ya sauka ƙarfe ɗaya. Ƙarfe biyu mutanen Kano suka fara fitowa da jakunkuna. Biyu da rabi suka ƙare. Ƙofar ta buɗe, ma'aikaci. Ta buɗe, keken kaya ba kowa. Othman yana ta jan carbi yana cewa al'ada ce, amma na ga ya daina kallona. Na tsuguna a jikin ginshiƙi kamar mai jiran mota a tashar Yelwa.

Uku saura kwata ta fito. Ta rame. Atamfar Zakiyya ce a ƙarƙashin abayar. Ta rungumi yayanta ta daɗe. Ta buɗe jakar hannu ta taɓa safar, ta tabbatar tsuntsun yana nan. Sannan ta juyo ta dube ni daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Abu Nuha, yau nawa ga wata?"

Na ce goma ga Rabi'ul Awwal.

"Wa ya faɗa maka?"

Na ce tambaya na yi.

Ta turo mini akwatin da ƙafa. "Yalla. Nuzla tukuna."